Takalmin da Ƙasa Ke Magana ta Cikinsa

Wa a cikinku ya taɓa rufe ido ya bar ƙafarsa ta gaya masa inda yake? Babu? To ku matso, ku tanƙwashe ƙafafun nan naku, don yau zancensu za a yi.

Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe ba takalmi.

Ta zo mu ji ta, mu share mata hanya.

A wani gari da ake kira Tudun Rama an yi wani dattijo, sunansa Shekarau. Makaho ne tun yana saurayi. Sana'arsa tufkar igiya, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi. Yana da 'ya'ya biyu. Babban namiji ne, Jatau, shi ke riƙe da gona da gida. Ƙaramar mace ce, Uwani, mai sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya kiranta sai da "uwata".

Duk ranar kasuwar Maje, Shekarau yakan ɗora igiyoyinsa a ka, ya ɗauki sanda, ya kama hanya shi kaɗai. Ba ɗan jagora, ba takalmi. Sandar tana gaya masa abin da ke gabansa, ƙafar kuma tana gaya masa inda yake. In ya fita ƙofa ya ji ƙura mai laushi, ya san burtali ne. In ƙasa ta yi tauri, ya hau fako. Can gaba akwai mararraba. Hannun hagu tsakuwa ce 'yar ƙanana gauraye da yashi, ita ce hanyar kasuwa. Hannun dama marmara ce mai kaushi, ita ce hanyar daji. In ya zo nan sai ya tsaya, ya murza tafin ƙafarsa a ƙasa, ya rera:

Ƙasa, ƙasa, gaya mini,
Yashi ne ko marmara?
Ido ya tafi ya bar ni,
Ke ce ba ki tafi ba.

Sai ya bi hagu. A kasuwa ya sayar da igiya, ya zauna gindin tsamiya da tsofaffin abokansa, su tsokane shi ya rama, ya sha labarin duniya, ya dawo gida da dariya a bakinsa.

Ana nan, ana nan, tsufa ya zo. Fatar ƙafarsa da take kamar ƙirgi ta fara laushi. Ran nan da bazara, ƙasa ta ɗau zafi kamar tanda, yana sauri ya kai inuwa sai ya taka ƙayar aduwa. Ta shige har ta karye a ciki. Da ja da rarrafe ya iso gida, jini na bin sawunsa. Jatau ne ya sa aska ya ciro ta. Shekarau ya daɗe a kwance kafin ya warke.

Ranar da ya miƙe ya laluba sandarsa, sai Jatau ya tsaya a bakin zaure.

"Baba, ina zuwa?"

"Yau ba kasuwar Maje ba ce?"

"Ita ce. Ni zan kai igiyar. Kai ka gama tafiya."

"Kai ka haife ni ko ni na haife ka?"

"Kai ka haife ni, Baba. Amma ni na ciro ƙayar."

Shekarau ya jingine sandarsa. Ya koma ya zauna. Aka kai masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture. Kwana ya bi kwana, wuyansa ya fara tsawo, dariya ta ɗauke daga gidan.

Uwani tana kallo, abin yana cin ranta. Sai ta sami wanta a gona.

"Yaya, kana tsoron kada daji ya kashe shi, ga shi ɗaki zai kashe shi."

"To me kike so in yi? In bar shi ya sake dawowa da jini?"

"In na yi masa takalmi fa?"

Jatau ya yi dariya. "Baba da takalmi? Wanda na sayo masa bara, akuya ya ba, ta cinye."

"Na kasuwa ne. Ni da hannuna zan yi."

Jatau ya dogara da fartanya. Can ya ce, "Na ba ki kasuwa uku. In ya je ya dawo shi kaɗai, bai ɓata ba, kuma ba jini, na janye. In ukun suka wuce ba a dace ba, ba wanda zai sake tayar mini da zancen nan."

Ta ce, "Na yarda."

Sai ta ɗauki igiya biyu ta kai wa majemin garin, ya ba ta ƙirgin sa guda. Ta aro basilla, ta wasa wuƙa. Ta shimfiɗa fatar a tsakar gida, ta zauna tana kallonta, fatar ma tana kallonta. Ba ta san ta inda za ta fara ba.

Sai jakin gidan ya leƙo daga turke.

"Uwani, me ya hana ki yanka?"

"Ban san irin takalmin da ƙaya ba za ta huda ba."

"Kuma ina nan ba ki tambaye ni ba? Dubi kofatona. Kin taɓa ganin na tsaya cire ƙaya? Kauri, yarinya, kauri! Ki jera fata bisa fata, har sai ƙasa ta manta da shi."

Uwani ta ce, "Wallahi gaskiyarka."

Sai ta yanka fata uku, ta jera, ta ɗinke da basilla. Ta yanka wasu uku, ta jera, ta ɗinke. Takalmi ya fito kamar an raba turmi biyu. Ta gwada ƙaya, ƙaya ta karye. Ta yi murna.

Ranar kasuwa ta ɗaura wa babanta. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya tsaya.

"Uwata, a kan me nake tsaye?"

"A tsakar gida, Baba."

"To," ya ce. "In kin ce."

Ya fita. Rana ta yi tsaka, ta karkata, ta yi ja. Masu kasuwa suka dawo, ba Shekarau. Uwani tana zirga-zirga tsakanin zaure da burtali. Sai ga wani makiyayi tafe, riƙe da bakin sandar tsohon. Ya ce a can cikin daji ya tsince shi, yana ta zagaya wata kuka.

Shekarau ya zauna ya kwance takalmin. Ya ce, "Na zo inda nake zaton mararraba ce. Na yi waƙa, na murza ƙafa. Ƙasa ba ta amsa ba, uwata. Yau na makance sau biyu."

Jatau ya ɗaga yatsa. "Ɗaya."

Uwani ta juya ta harari jaki. Jaki ya sunkuyar da kai yana cin harawa, kamar ba shi ba.

Washegari ta sake shimfiɗa fata. Sai akuyar gidan, wadda ta cinye takalmin bara, ta ɗare kan katanga.

"Wa ya aike ki wurin jaki? Wanda ake loda wa taki shi zai koya miki tafiya? Dube ni nan. Ƙafa siririya, a tsuke, a ɗaure. Shi ya sa nake hawa inda kare ba ya hawa. Fata ɗaya ta isa. Amma ki matse ta, ki ɗaure tam, kada ƙafa ta sami wurin wasa."

Uwani ta ce, "Ke ma kin kawo magana."

Da sanyin safiya ta sami babanta zaune a tabarma. Ta ɗago ƙafarsa ta dama ta ɗora a cinyarta, ta manna fata, ta zagaye da gawayi. Ta yanka daidai kan zanen. Ta kifa wannan a kan fata ta fitar da na hagu, don a ganinta ƙafa ai ƙafa ce. Ta yanko maɗaurai har biyar, ta gicciya su bisa yatsu. Takalmi ya fito siriri, gwanin kyau, har maƙwabta suna shigowa kallo.

Ranar kasuwa ta ɗaura masa. Ya taka ya ce, "Yawwa, wannan ina ɗan jin ƙasa." Zuciyarta ta yi sanyi.

Ya fita. Wannan karon bai ɓata ba. Kafin rana ta faɗi sai ga shi tafe, amma yana ɗingishi, takalman suna rataye a wuyansa. Jatau ya durƙusa ya ɗaga ƙafar. Bororo ya fashe a ƙaramin yatsa, ga ƙayar tsidau uku a diddige, ga jini.

"Da safe lafiya lau," in ji Shekarau. "Da rana ta yi, ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi kumbura. Na hagun ya fi cizo. Yatsuna suna son su buɗe su kama ƙasa, an ɗaure musu baki. Na daure har dawowa, na kasa, na cire."

Jatau ya ɗaga yatsu. "Biyu." Amma bai kalli ƙanwarsa ba, don ba daɗi ya ji ba.

Da yamma Uwani ta kai wa babanta ruwan ɗumi. Ya lalubo kanta ya dafa.

"Bar shi haka, uwata. Kin yi iyakar yinki. Mutum ba ya tafiya har abada."

Ta ga ramar da yake tufka tana jingine a lungu, bai taɓa ta ba tun jiya. Wannan ya fi jinin tayar mata da hankali.

Da gari ya waye ta ɗauki tulu ta tafi rijiyar bayan gari. Ta ajiye tulun ta zauna, ba ta ko jefa guga ba. Akwai wani tsohon raƙumi na fatake yana hutawa a wurin, yana tuƙa a hankali.

"'Yar nan, rijiya ba ta cika tulu da kallo."

Sai ta kwashe labari ta gaya masa, tun daga ƙayar aduwa har tsidau. Ta ce, "Saura kasuwa ɗaya. Kai da ka taka duniya, gaya mini irin wanda zan yi."

Raƙumi ya tuƙa, ya tuƙa. Ya ce, "Jaki ya ba ki labarin ƙafar jaki. Akuya ta ba ki na ƙafar akuya. In na buɗe baki, na raƙumi zan ba ki. Ƙafar wa za ta sa takalmin?"

"Ta Baba."

"Ita me ta ce?"

Sai Uwani ta tuna ba ta taɓa tambaya ba.

Raƙumi ya miƙe, baya ya tashi, gaba ya tashi. Ya ɗaga ƙafa ɗaya sama. "Dubi nan." Ta ga ƙafar a tsuke. Ya sauke ta ya ɗora nauyinsa, sai ta baje kamar faifai. "Wacce ce ƙafata, ta sama ko ta ƙasa?"

"Ta ƙasa," in ji Uwani a hankali. Sai ta tuna yadda ta ɗora ƙafar babanta a cinya, ƙafar da ba ta ɗauke da kowa.

"Iyakar abin da na sani ke nan," in ji raƙumi. "Hanyar Maje kuwa, ban san yadda take ga mai tafin fata ba. Ke kina da irinsa."

Uwani ta dubi ƙafafunta. Sai ta tuɓe takalminta ta ajiye kan tulu. Ta je bakin burtali, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure idanunta. Raƙumi ya ce zai bi ta a gefe, kada ta faɗa rami, amma ba zai ce mata uffan ba.

Da farko ba ta ji komai ba sai tsoro. Sai ta ji ƙura mai laushi tana shiga tsakanin yatsunta. Sai ƙasa ta yi tauri. Ta ce a ranta, fako ke nan. Ta lura duk taku yatsunta suna buɗewa su dafe ƙasa, abin da ba ta taɓa sanin suna yi ba. Ta yi ta tafiya har ta ji iska ta buɗe ta ko'ina. Ta tsaya. Ta murza ƙafar dama, ta ji kaushi. Ta murza ta hagu, ta ji 'yan tsakuwa kamar gero a cikin yashi. Bambancin bai fi raɗa ba. A kan wannan 'yar raɗar babanta ya yi shekaru yana zuwa kasuwa, ita kuwa ta toshe masa ita da fata uku.

Ta kwance ɗankwali, ta goge idonta da shi.

Ta koma rijiya ta ɗauko tulu da takalminta, ta dawo gida da yamma, ƙafafu sun yi nauyi. Ta zo sa takalminta na kullum, sai ta ji ya matse ta. Ta ce, "Ashe!" Ƙafar safe daban, ƙafar yamma daban.

Ba ta huta ba. Ta je ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, sau biyu ina yi maka takalmi ban tambaye ka ba. Yau kai za ka yi, ni hannu ce kawai."

"Me na sani a dukanci, uwata?"

"Ka san ƙafarka. Tashi."

Ta sa shi ya yi ta zagaya tsakar gida har ƙafar ta ɗau ɗumi ta buɗe. Ta ɗora masa damin igiya a ka, kamar ranar kasuwa. Sannan ta shimfiɗa fata ta ce ya hau ya tsaya sosai. Ta zagaye ta dama da gawayi, ta zagaye ta hagu daban. Da ta duba, sai ga ta hagu ta fi faɗi, babban yatsanta ya karkace waje.

"Saniya ce ta taka ni ina yaro," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa tambaya."

Ta yanka, ta bar 'yar rata kamar faɗin ƙwayar gyaɗa a gaban yatsu. Saura kauri. Ta ajiye ƙwayar dawa ɗaya a ƙasa, ta rufe da fatar.

"Taka. Me ka ji?"

"Ba komai."

Ta sa wuƙa ta kankare cikin fatar, ta shafa man kaɗanya, ta bubbuga da taɓarya.

"Yanzu fa?"

"Kamar akwai wani abu, can nesa."

Ta ƙara kankarewa kaɗan.

"Yanzu fa?"

Shekarau ya yi murmushi, na farko tun da ya kwanta. "Dawa ce. Kuma ba ta bana ba ce."

"Kai, Baba!"

Sai ta kawo ƙayar aduwa ta kafa a ƙasa, ta danna fatar a kai da dukan ƙarfinta. Ƙaya ta lanƙwashe, ba ta huda ba. Ta ce, "Nan za mu tsaya. In na ƙara kankarewa, ƙaya ta ci. In na rage, dawa ta ɓace."

Ta huda rami uku da basilla, ɗaya tsakanin babban yatsa da mai bi masa, biyu a gefe da gefe ƙarƙashin idon sawu. Ta ɗauko wuƙa za ta yanko maɗauri, sai ya riƙe hannunta.

"Wannan kuma aikina ne. Miƙo mini ramar can."

Ya zauna ya tufka igiya siririya, mai laushi kamar zare, mai ƙarfi kamar jijiya. Igiya ɗaya tak ga kowace ƙafa. Ta fito ta tsakanin yatsu, ta ratsa gefe, ta zagaye diddige, ta dawo. Ƙullin da ke ƙasa suka daka shi har ya kwanta. Yatsu duka a waje, suna shan iska.

Jatau ya shigo ya gani. "Wannan ne takalmin? Ai wannan da babu duk ɗaya."

"Kusan ɗaya, Yaya," in ji Uwani. "Abin da nake nema ke nan."

Ranar kasuwa ta uku Shekarau ya ɗora kaya ya fita. Uwani ta daure, ta daure, ta kasa. Ta saci jiki ta bi shi. Tana shan kwanar burtali sai ta yi karo da mutum laɓe a bayan darni. Jatau ne. Suka kalli juna. Suka bi shi tare, suna sanɗa.

Ya wuce burtali. Ya hau fako. Ya iso mararraba ya tsaya. Ya rera waƙarsa, ya murza dama, ya murza hagu. Ya daɗe. Sai ya juya ya bi hagu.

Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, bai ko waiwayo ba.

"Jatau, Uwani, ku koma gida. Shi kaɗai aka ce, ko ba haka aka yi ba? Kuma kai Jatau, tun daga burtali nake jin takalminka yana jan ƙasa."

Suka koma, kunya ta ishe su.

Yinin nan ya yi wa Uwani tsawo. Ta share tsakar gida sau biyu. Jaki ya buɗe baki zai yi magana, ta nuna shi da tsintsiya, ya rufe. Rana ta yi ja, sai suka jiyo waƙa daga burtali, da ƙwanƙwasar sanda.

Jatau ya riga kowa. Ya zaunar da tsohon, ya kwance igiyar, ya kawo ruwa ya wanke ƙafafun da hannunsa. Ya duba diddige, ya duba tafi, ya buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba jini. Ya juya takalmin, sai ga ƙaya biyu sun karye a jikin fatar.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Na janye, Baba."

Uwani ta ce, "Baba, yaya ƙasar? Ta amsa?"

"Ta amsa, uwata. Da can da ƙarfi take yi mini magana, yanzu da raɗa take yi. Amma ni ma na tsufa, na iya saurare." Ya laluba aljihu ya fito da ƙuli-ƙuli. "Ungo. Mutanen gindin tsamiya suna gaishe ki. Sun ce sun zaci na mutu, har sun fara rabon wurin zamana."

Aka yi dariya, aka kawo tuwo, ya cinye ya nemi ƙari.

Can Jatau ya yi gyaran murya, yana sosa ƙeya.

"Uwani, fatar nan da saura?"

"Da saura, Yaya."

Sai ya tuɓe takalminsa, ya hau fatar ya tsaya.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun da ya yi ta yawo bai taɓa neman baduku ba.

Wanda kake so, kada ka kare shi har ka raba shi da abin da yake rayuwa da shi. Kuma kafin ka yanka wa mutum abu, tambaye shi.

Gobe da yamma, in kun gama yawonku, kowa ya nemo kwali da gawayi. Ku tsaya a kai da dukan nauyinku, ɗan'uwa ya zagaye muku dama, ya zagaye hagu. Ku kawo mini in gani, mu nemo fata mu fara yanka.